Ai Wasa Yake Yi

Kowace unguwa da abin da take tinƙaho da shi. Wata rijiyar burtsatse ce, wata kwalta, wata kuma taransifomar da ta shekara ba ta ƙone ba. Mu a layinmu, cikin ɗaya daga sababbin unguwannin da suka tsiro a gefen Kano, Allah Ya yi mana baiwar da ta fi waɗannan duka, wato ɗan kwikwiyon Alhaji. Tun da Bahaushe ya ce yaba kyauta tukuici, kuma har yau ba a sami wanda ya miƙe ya gode wa bawan Allahn nan a bainar jama'a ba, to ni na ɗauki nauyin.

Da farko a yaba masa da iya zaɓe. Kada wani ya zaci irin karen nan ne namu na gida, ja mai shafaffen ciki, wanda ke bin mafarauta daji ko ya kwanta a bakin ruga. Alhaji ya wuce nan. Nasa karen Jamus ne, irin wanda ake gani a hannun 'yan sanda, baƙin baya, jan ƙirji, gashi ninki biyu. Asalinsa ma sananne ne. A 1899 wani tsohon kyaftin na sojan dokin Jamus, Max von Stephanitz, ya kafa ƙungiyar masu kiwon wannan iri, kuma abin da ya sa a gaba shi ne kare ma'aikaci, wanda zai wuni yana kewaya garken tumaki, kunnensa na wajen makiyayi, bai gaji ba. Jininsa ke nan. In bai yi gudu ba, in ba a ba shi abin yi ba, shi zai nemo wa kansa. Alhaji kuwa tumakin da ya mallaka ba su wuce ragon layya ba, shi ma sai ana jibi sallah ake sauke shi daga mota. Amma dubi hikima irin ta manya: ya ware wa karen wani lungu tsakanin ɗakin janareta da tankin ruwa, ya sa mai walda ya kafa ƙarfe, aka ɗaura sarƙar da ba ta kai tsawon tabarma biyu ba. Abin da Jamusawa ke nema wa makiyaya sukutum, Alhaji ya gama da shi da kwaɗo ɗaya.

Masu hassada suna tambaya wai me ya kai shi. To abokinsa na Abuja yana da biyu, kuma mai zuciya ba ya bari a fi shi. Kuɗin da ya biya kuwa ba mu sha wahalar bincike ba, don ya faɗa a majalisa, ya maimaita a bakin masallaci, ya kuma tuna mana ranar ɗaurin auren 'yar mai unguwa. Ya ninka albashin Baba maigadi na watanni. Wannan ma abin yabo ne, domin kowa a gidan yanzu ya san matsayinsa.

Ranar da aka kawo shi, ko wanda ba ya shiri da kare sai da ya saki fuska. Bai wuce wata biyu ba. Tafin ƙafarsa ya yi wa jikinsa yawa, yana tafiya yana tuntuɓe da kansa, kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kife. In ganyen darbejiya ya faɗo sai ya daka tsalle ya danne shi, ya ja da baya, ya yi masa wani ɗan siririn haushi, sa'annan ya waiwayo ya ga ko an gani. Yaran layi suka yi cincirindo a jikin get suna leƙe ta ƙasa. Alhaji ya raɗa masa suna Taiga, ya ɗauke shi hoto a kan kujerar mota, a kan kafet, a kafaɗar autansa, duk wanda ke da lambarsa ya gani a WhatsApp. Haka aka yi ta yi har kwikwiyon ya yi kashi a falo. Daga ranar, Alhaji, da yake shugaba ne mai raba aiki, ya miƙa ragamar komai ga Baba maigadi.

Baba dattijo ne da ya baro ƙauye ya zo gadi. Ba a tambaye shi ko ya taɓa riƙe kare ba, ba a kuma ƙara masa ko kwabo ba. Da can aikinsa buɗe get da rufewa. Yanzu shi ne mai dafa wa Taiga shinkafa da kan kaza, shi ne mai kwashe kashi, shi ne mai tsince kaska daga bayan kunne da yatsunsa, alhali shi kansa garin kwaki yake jiƙawa da rana. Wa ya ce masu kuɗinmu ba sa samar da aikin yi?

Sai lokacin famfara ya zo. Duk likitan dabbobi zai gaya maka kwikwiyo yana da haƙoran yarinta 28, waɗanda ke zubewa daga wajen wata uku zuwa shida, manya 42 su maye gurbinsu. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake, komai ya samu sai ya tauna. Masu ƙaramin tunani sukan sayo masa abin tauna, su zauna su koya masa wannan naka ne, wancan ba naka ba ne. Alhaji mai faɗin zuciya ne, sai ya ba shi layin gaba ɗaya. An ce in ka ga kare na shinshinar takalmi ɗauka zai yi. Mu ba mu ma samu ganin shinshinar ba, don muna cikin sahu. A sallame Magariba a fito, wannan ya tarar da wari ɗaya, wancan ya tsinci nasa a bakin kwata an cinye maɗaurin. Ladan, mutumin da silifa ɗaya ya mallaka, ya koma gida da ƙafa a ƙasa. Da aka kai wa Alhaji magana sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Kai, Taiga ɗan banza ne! Ai wasa yake yi." Yanzu duk wanda zai shiga masallacinmu da leda yake zuwa, ya ƙunshe takalmansa ya ajiye a gabansa. Shekara nawa liman yana wa'azin a riƙa kula da kaya ba a ji ba? Kare ya gyara mu cikin mako guda.

Tsarin wuninsa ma ya isa a koyar a makaranta. Daga hantsi har la'asar yana ɗaure. Ƙarfin da Allah Ya zuba masa na kewaya garke yana nan yana taruwa a cikin lungun janareta. Da yamma, idan Alhaji ya dawo kasuwa ya danna ham, sai ya ce, "Baba, a sake shi ya ɗan sha iska." Get a wangale, mota na shiga, Taiga na fita, kamar ruwan da aka ɓalle wa madatsa. Kuma saboda Alhaji mutum ne mai kiyaye lokaci, wannan sakin yakan dace daidai da tashin 'yan Islamiyya.

Duk wanda ya san kare ya san abin da ke gudu shi yake bi. Yaro kuwa in ya ga dabba ta nufo shi baki buɗe, ba ya tsayawa nazarin halayyar karnuka. Sai ka ga hijabai na tashi, jakunkuna na zubewa, wata ƙaramar ta faɗi ta kurje gwiwa, yayarta ta dawo tana janta tana kuka. Alhaji na tsaye a bakin get, hannu a aljihu, yana ba da shawara kyauta: "Ku daina gudu mana! Ba ya cizo, wasa yake yi." Madalla da wannan tarbiyya. A ƙasashen da suka ci gaba iyaye biya suke a koya wa 'ya'yansu tsere, mu ga shi a ƙofar gida ba ko sisi. Wasu iyayen marasa godiya sun sauya wa yaransu hanya, suna zagayawa ta bakin titi inda Adaidaita ke gudu, wai gara can.

Harkar kasuwanci ma ta amfana. 'Yan garuwa, waɗanda ba sa iya sakin kura mai jarka goma sha biyu su ruga, sun daina shigowa layin da yamma, wanda ya yarda ya shigo kuma sai ya ɗora wani abu a kan kowace jarka, ya ce kuɗin kare ne. Yarinya mai tallar awara ya daka mata tsalle don murna, faranti ya kife, yaji ya watse, ta tsuguna tana tsince awara daga cikin ƙasa tana hurewa, domin ta san abin da ke jiranta a gida in ta koma babu ciniki babu kaya. Tsohuwar da ke ƙarshen layi, wadda da kajinta take sayen magani, ta ƙirga ta ga babu biyu. Alhaji ya ce a gaya mata ta riƙa killace dabbobinta, domin nan birni ne. Ka ji mai son bin doka.

Da dare kuma a mayar da Taiga lungunsa shi kaɗai. Kare dabba ce mai son jama'a, ƙaramin da aka raba da uwarsa da 'yan'uwansa kuwa kaɗaici kuka yake sa shi. Sai ya fara, haushi ya koma kuka, kuka ya koma haushi, har asuba. Alhaji ba ya ji, ɗakinsa na can sama, tagogi a rufe, na'urar sanyaya ɗaki na aiki. Mu da muke kwana taga a buɗe saboda zafi mu ne muka rabauta, don babu wanda ya ƙara makara sallar Asuba. Ta fuskar tsaro kuwa ba a magana. Taiga yana yi wa kyanwa haushi, yana yi wa leda, yana yi wa inuwar tanki, har kunnenmu ya saba. Daren da aka zare batirin motar maƙwabcinmu kowa ya ji shi yana yi, babu wanda ya ɗaga labule.

Liman ya gaji ya sami Alhaji cikin girmamawa, ya ce, "Alhaji, jama'a fa suna kuka da karen nan." A nan ne muka gano ashe muna zaune da malami ba mu sani ba. Alhaji ya gyara zama ya ce ai a mazhabarmu ta Malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne, ƙwarya ce kawai ake wankewa sau bakwai in ya yi lallagi a ciki. Ya kawo labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai Risala, wanda katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare don gadi, da aka tuna masa Imamu Malik ya ƙi a ajiye kare a gidan birni sai ya amsa cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Duk gaskiya ne, malamai sun kawo labarin. Sai dai karatun Alhaji yana da wata baiwa: daidai inda ya gama yi masa amfani, nan yake tsayawa. Bai kai babin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a huffinsa ya shayar da kare mai ƙishirwa ba. Bai kai na matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nema ba. Babin haƙƙin maƙwabci kuwa, wanda Mala'ika Jibrilu ya yi ta yi wa Annabi (SAW) wasiyya da shi, da alama ɓera ya cinye shafin a kwafinsa.

Na leƙa lungun nan wata rana cikin watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40. Kare ba ya gumi irin namu, da haki yake fitar da zafin jikinsa, wannan kuma an lulluɓe shi da gashin da aka tanada don sanyin Turai. Yana kwance a kan intalok mai ƙuna, harshe ya zubo gefe guda, haƙarƙari na sama da ƙasa. Kwanon ruwan ya kife tun safe, sarƙar ce ta ture shi, Baba kuma an aike shi kasuwa. Ƙarƙashin tanki akwai inda ruwa ke ɗiga, ya yi ta miƙa wuya wajen har sarƙar ta cinye gashin wuyansa ta bar jan fata, amma saura kamar taki ɗaya ya kai. Da ya gan ni bai yi haushi ba, jela ya kaɗa. Wannan ita ce dabbar da aka saya da kuɗin da ake faɗa a majalisa.

A layin bayanmu akwai wani wahalallen malamin makaranta da shi ma yake da kare, na gida ma ba na waje ba. Bawan Allahn nan bai san daɗin duniya ba. Kullum bayan Asuba sai ya saƙala masa igiya ya zagaya da shi bayan unguwa, hannunsa riƙe da leda don kwashe abin da ya yi. Ya koya masa zauna, ya koya masa bari, in baƙo ya yi sallama sai ya tsare shi tukuna ya ce a shigo. Yana da wani kati da ya adana a cikin littafi, duk shekara ya ɗauki karen a Adaidaita ya kai asibitin dabbobi a buga masa hatimi. Shekarunsa nawa a unguwar, rabin mutane ba su ma san yana da kare ba. To ina amfanin karen da ba a san kana da shi ba? Mafarauta da Fulanin daji ma haka suke wahalar da kansu, kowane kare sun san halinsa, sun san kiran da yake amsawa. Alhaji ya 'yantar da kansa daga duk wannan bauta.

Sai ranar da abin da ake gudu ya faru. Wani almajiri, da ƙyar in ya kai shekara goma, ya zo karɓar ragowar abinci kamar yadda ya saba. Ya tarar da get a buɗe, ya sa kai da robarsa. Taiga ya taso da wasansa, yaron ya ɗaga robar sama, karen ya yi tsalle ya kama hannun. Haƙora biyu suka shiga ƙasan babban yatsa, jini ya biyo gwiwar hannu. Baba, cikin tausayi da iyakar saninsa, ya tsigi gashin karen ya ƙona ya shafa a ciwon. Alhaji ya fito ya duba daga nesa, ya ce, "Ɗan karce ne," ya zaro naira dubu ya ce a saya masa alawa da filasta. Ina aka taɓa ganin karamci irin wannan ga yaron da ba shi da kowa a garin?

Allah Ya sa wata maƙwabciyarmu ma'aikaciyar jinya ce, ta dawo aiki ke nan. Ta ja yaron bakin famfo, ta wanke tokar, ta sa sabulu tana ta wankewa tana duban agogo. Ta ɗago ta ce, "Alhaji, don Allah ina katin allurarsa?" Alhaji ya yi murmushin wanda aka yi wa tambayar yara, ya ce, "Haba Hajiya, karen waje ne fa. Ba irin na bola ba ne." Wato ƙwayar cutar haukan kare tana da ladabi, in ta ga kare mai tsada sai ta rusuna ta wuce. Ita ƙwayar ba ta san Taiga kullum da yamma yana can bakin bola yana kokawa da karnukan da ba su da mai su ba.

A nan yabo ya ƙare mini, domin maganar rai ce. Cutar haukan kare tana cikin yawun dabbar da ta kamu, ta shiga ta cizo ko karce, ta bi jijiya a hankali har ta isa ƙwaƙwalwa. Yawanci takan ɗauki wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara, ciwon ya daɗe da warkewa, kowa ya manta. Da zarar alamu sun fito, zazzaɓi, firgita, maƙogwaro ya riƙa shaƙewa in an miƙo ruwa, to kusan babu mai tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya, kuma wajen kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kusan dukkan masu kamuwa daga kare suke samunta. Yara sun fi shiga haɗari saboda gajeru ne, cizon yakan same su a fuska ko hannu, kuma sukan ɓoye don tsoron faɗa. Almajiri kuwa wa ma zai gaya wa?

Abin da ke ƙona rai shi ne maganin abin ya daɗe a duniya. Tun ranar 6 ga Yulin 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro ɗan shekara tara, Joseph Meister, allura a Faris bayan mahaukacin kare ya yayyage shi, yaron ya rayu. Ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da cutar a duniya, kuma hukumomin lafiya na duniya sun sa 2030 a matsayin shekarar da suke son a daina mutuwa da ita ta hanyar kare. A nan gida, cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato, wadda ke wurin tun 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka. Ana yi wa kwikwiyo da ya kai wata uku, a riƙa sabuntawa. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri, cutar takan rasa hanyar yaɗuwa. Dokar da ta wajabta wa mai kare ya yi masa rajista kuwa tana nan tun zamanin Turawa. Wanda kare ya ciza, abin yi shi ne a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, kada a shafa toka ko gashi ko barkono, a garzaya asibiti a ranar a fara allura, a kuma cika ta har ƙarshe. Kuɗin allurar kare ɗaya bai kai abin da Alhaji ke zuba wa janareta a dare guda ba. Na mutum bayan cizo ya ninka shi sau da yawa, kuma ba kowane asibiti ake samu ba.

Mu muka yi karo-karo. Ladan mai silifa ɗaya ya kawo abin da ya samu, tsohuwa mai kaji ta kwance bakin zane. Hajiya ta yi ta yawo da yaron har aka dace da inda ake da allurar, ta rubuta ranakun komawa a takarda ta kai wa malaminsa hannu da hannu, ta ce, "Malam, ko ciwon ya warke kada a fasa ko ɗaya." Ta kuma sa aka tsare karen kwana goma ana dubansa, kamar yadda likitoci ke yi, domin in yana ɗauke da cutar a yawunsa lokacin cizon, ba zai wuce kwanakin nan lafiya ba. Allah Ya kiyaye, ya wuce su garau. Alhaji ya fito majalisa fuska a sake, ya ce, "Ban gaya muku ba? Kun dai ɓarnatar da kuɗinku." A yaba masa, bai nemi mu biya shi ladan ɓata sunan karensa ba.

Yanzu Taiga ya girma, ya haura kilo 30, kunnuwa duka biyu a tsaye. Wasan ya ƙare. Yaran da ya kora sun koyi jifansa ta saman katanga, Baba ya koyi sanda, sarƙa ta koya masa sauran. Karen da ke danne ganyen darbejiya yanzu in ka matso sai ya sunkuyar da kai ya yi gurnani daga cikin ƙirji. Autan Alhaji, wanda aka ɗauke su hoto tare, ba ya bi ta gefen tanki. Ran nan Taiga ya yi kukan kura kan wani babban baƙo da ya zo daga Abuja, ya yage masa hannun babbar riga, kuma a karon farko Alhaji ya gane karen nan yana da matsala. Hannun almajiri bai isa hujja ba, sai da aka taɓa shadda.

Hukuncin da ya yanke ya nuna adalcinsa. Ya ce karen ba shi da asali mai kyau, an cuce shi a ciniki. Ya sa Baba ya nemo masu sayen karnuka, irin waɗanda ke lodinsu a keji zuwa kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a Filato, inda ba don gadi ake sayensu ba. Malamin makarantar layin baya ya je ya roƙa a bar masa shi ya gwada gyara shi, Alhaji ya ce sai dai ya biya kuɗin da aka sayo shi. Kuma don kada layinmu ya zauna babu abin alfahari, ya riga ya ba da kuɗin wani sabon kwikwiyo, wannan karon ɗan asalin duwatsun Kokeshiya, inda dusar ƙanƙara ke rufe hanya, irin wanda namijinsa ke haura kilo 50 kuma aka san shi da tarar kyarkeci. An kira mai walda ya ƙara wa ƙarfen kauri. Lungun dai shi ne, tankin ma shi ne.

Mai unguwa ya kira taro ranar Asabar, Hajiya ta ce za ta zo da takarda a rubuce: kati kafin kare ya shigo, igiya in zai fita, in kuma an ƙi a kai maganar gaba. Baba maigadi bai jira taron ba. Ya nemi izinin zuwa gida ganin gona, aka ga ya naɗe tabarmarsa, ya haɗa har da rediyo da buta. Alhaji ya bayar da cigiyar wani maigadin, ya ce sharaɗi ɗaya ne, ya kasance ba ya tsoron kare. Albashi yana nan yadda yake.